Corolla, Golf ko Yaris: "ƙaramar mota" ta daina zama ƙarama

Dillali zai ce maka Corolla ƙaramar mota ce, haka Golf, haka Civic. Sunan ne bai canza ba, jikin kuwa ya daɗe da girma. Golf ta farko, ta 1974, tsawonta mita 3.7 ne. Golf 3, wadda har yau take jigilar fasinja tsakanin Katsina da Daura, ta kai mita 4. Golf 8 ta 2019 ta doshi 4.3, kuma ta fi ta farkon faɗi da kusan santimita 18. Civic ta 2022 kuwa ta kusa kamo tsawon Accord ta 1990, motar da a zamaninta sai manya.

Ba ƙawa kaɗai ta kawo wannan ba. Dokokin kariya a Turai da Amurka ne suka sa aka ƙara wa ƙofofi kauri, aka sa jakunkunan iska, aka bar gaban mota da wurin da zai lotse ya shanye karo kafin ya iso ga direba. Don haka idan kullum kana kan hanyar Kano ko Funtuwa, ɗauki babbar, Corolla daga 2014 zuwa sama. Ta fi zama daram a kan kwalta, na baya ma sun samu wurin miƙe ƙafa.

Amma idan gidanka yana cikin garin Katsina, wajen Rafindadi ko bayan Ƙofar Soro, lissafin daban ne. Lungun da Starlet ke shigewa ba gargada, sabuwar Corolla sai an naɗe madubi, yaro ya tsaya a gaba yana cewa "taho, taho, tsaya!" Ga bambarta ƙasa-ƙasa, kowace kwalbati sai ta gaisa da ita, damina ta zo kuma ka zama abokin cinikin fanel-bita. Auna get ɗinka da tef kafin ka biya kamasho, ka bar sararin buɗe ƙofa.

Batun mai, tunda aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa da shi yake fara tambaya. Kada girma ya ruɗe ka, sabbin injina ba su cika shan mai ba duk da nauyin. Inda kuɗi ke tafiya shi ne taya mai faɗi, da fitilu, da gyaran da sai an jona kwamfuta. Yawancin motocin Corolla na 2014 zuwa sama giyar CVT gare su, wato wata irin giyar otomatik mai nata man na musamman. Makanike ya zuba na gama-gari, ka shiga uku.

Ni a ganina, mai iyali da ke zirga-zirgar cikin gari da tafiya jefi-jefi, Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta ishe shi: mita 4.5, kayan gyara a ko'ina, kowane gareji an san ta. Wanda ƙarama ta gaske yake so, Yaris zai nema ko Honda Jazz, ya kuma haƙura da but ɗin Yaris, don buhun masara ɗaya ya kusa cika shi.