Tsarin Kira Da Data Mai Araha: Abin Dubawa Kafin Ka Saka Kati

Tallan tsarin waya mai rahusa kusan duk kamarsu ɗaya: manyan lambobi a sama, minti kaza, gigabait kaza, ga tambarin 4G ko 5G a gefe. Amma abin da zai nuna ko ka ci riba ko an ci da guminka yana can ƙasa, cikin ƙananan rubutun da ido ke ƙyuyar karantawa. Abu biyu ne suka fi nauyi a wurin: yadda kamfanin ke ƙirga minti, da abin da yake yi wa gudun intanet ɗinka idan ka kai wani mataki, ko idan jama'a suka yi wa sabis yawa.

Mu fara da minti. Wani kamfanin da sakan yake caji, wani kuma da cikakken minti. A wurin mai caji da minti, in ka yi magana ta sakan 61, minti biyu zai cire maka. In ka kira ka ce "ga ni a ƙofa, fito" ka kashe cikin sakan 20, minti guda ya tafi. A ce ka sayi minti 100 kuma duk kiranka irin wannan gajeren ne: kira ɗari za ka yi, maganar da ka yi gaba ɗaya ba ta kai minti 34 ba, amma an ce maka mintunanka sun ƙare. Saboda haka mai yawan gajeren kira, irin direba ko mai kai saƙo ko mai sana'ar da ake nema a waya, tsarin sakan ya fi masa ko da kuɗin mintinsa ya ɗan ɗara na ɗayan. Mai doguwar hira da iyali kuwa, wannan bambancin bai cika taɓa shi ba. Shi abin da zai duba shi ne ko akwai ƙarin kuɗi a kan mintin farko, domin akwai tsarin da ke tsawwala farkon kira sannan ya sassauta sauran.

Sai a tambayi wa ake kira da waɗannan mintuna. Sau da yawa babbar lambar da ke kan talla ta kiran layi iri ɗaya ce, wato daga kamfanin zuwa kamfanin. Kiran wani layin daban yana da nasa lissafi, kiran ƙasar waje da lambobin musamman na kamfanoni kuwa galibi ba sa ciki sam, daga katinka ake yankar kuɗinsu kai tsaye. A mafi yawan ƙasashe mai kira ne kaɗai ke biya, amma a Amurka da Kanada an saba cire minti har ga wanda aka kira, idan tsarinsa na ƙidayar minti ne. Wanda zai yi tafiya ya sayi layi a can ya san da wannan. Haka kuma idan kira ya faɗa akwatin ajiye saƙon murya, to a wurin kamfani an ɗaga ke nan, lissafi ya fara.

Wa'adi ma wani wurin ne da kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Tsarin da aka ce na wata ne, wani kwana 30 ne, wani 28. Kwana biyun nan kamar ba komai ba ne, sai ka buga lissafin shekara: 28 sau 13 shi ne 364, ke nan sau 13 za ka saya a shekara maimakon 12. Ka kuma bincika makomar ragowar minti da data ranar da wa'adi ya cika. Wasu kamfanonin suna haɗa maka da na sabon wata in ka sabunta kafin lokaci ya ƙure, wasu kuma share su suke yi. Ni a ganina ƙaramin tsarin da ke riƙe maka ragowarka ya fi babban da ke ƙonewa duk ƙarshen wata, domin datar da ba ka taɓa ba kuɗinka ce da ka biya. Garaɓasar da ake bayarwa bayan saka kati ita ma a yi mata kallon tsanaki: sau da yawa wa'adinta gajere ne, kuma ana cinye ta da farashi mafi tsada fiye da na katin gaske.

Batun gudu ya fi na minti rikitarwa, kuma nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-rufa. Yawan data daban, gudunta daban. Data kamar ruwan da ke cikin tanki ce, gudu kuma faɗin bututun da ke kawo shi. Tanki na iya cika maƙil amma famfo yana ɗiga. Ana auna yawa da megabait da gigabait, ana auna gudu da megabit a sakan, wanda ake rubutawa Mbps. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, don haka gudun 8 Mbps yana sauke megabait ɗaya ne kawai a sakan. Da gudun 10 Mbps, fayil mai gigabait guda zai ɗauki kusan minti 13.

Tambarin da ke saman waya yana gaya maka zamanin fasahar ne kawai. 2G, wadda aka fara da tsarin GSM a Finlan a 1991, don murya da gajeren saƙo aka yi ta. 3G ta fara a Japan a 2001, 4G ta fara aiki a Sitokholm da Oslo a ƙarshen 2009, 5G kuma ta shiga kasuwa sosai a 2019. Kowace ta fi ta bayanta iya ɗaukar kaya, gaskiya ne. Sai dai ganin 5G a fuskar waya ba alkawari ba ne cewa za ka samu gudun 5G, domin kamfani na da ikon taƙaita layinka yadda ya so, kuma hanyoyin da yake bi guda uku ne da ya kamata mai saye ya iya rarrabewa.

Ta farko ita ce a sa wa tsarin iyaka tun ranar farko, a ce ba zai wuce Mbps kaza ba ko da sabis yana da ƙarfi sosai. Wannan ba na ganin laifinta in an faɗa a fili, don ka san abin da ka saya. YouTube da kansa ya ce bidiyo mai ingancin 480p yana buƙatar kusan 1.1 Mbps, 720p na buƙatar 2.5, 1080p kuma 5. Ke nan layin da aka tsayar a 5 Mbps ya ishi mai waya ɗaya kallo da hira da kiran bidiyo ba tare da ya ji a jikinsa ba. Inda zai ji shi ne wurin sauke babban fayil, ko raba wa kwamfuta da wasu wayoyi intanet.

Ta biyu ita ce wadda ke ɓoye a bayan kalmar "mara iyaka". Za a ba ka cikakken gudu har ka cinye wani adadi, daga nan a shaƙe layin. Lambar da aka fi gani a irin wannan yanayi ita ce 128 kbps, wato kilobait 16 a sakan. Ga yadda take a aikace: saƙon rubutu na WhatsApp zai wuce, saƙon murya zai tafi bayan ɗan jira, hoto mai megabait 3 zai ci fiye da minti uku yana juyawa, bidiyo kuwa sai dai ka yi ta kallon da'irar nan tana zagaye. Gigabait ɗaya a wannan gudun zai ɗauki sama da awa 17. Ba a yi maka ƙarya ba, datar ba ta yanke ba, amma amfaninta ya ragu ƙwarai. Don haka duk tsarin da aka kira mara iyaka, lambobi biyu za ka nema: gigabait nawa ne kafin a rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi. Wanda ke saukowa zuwa 1 Mbps ana iya zama da shi har ƙarshen wata. Wanda ke saukowa zuwa 128 kbps ko ƙasa, ka ɗauke shi a matsayin tsari mai iyaka kawai, ka kwatanta farashinsa da sauran a kan haka.

Ta uku ta fi wuyar ganewa, don ba kullum take bayyana ba. Kowane ƙarfen sabis yana da iya abin da zai ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Idan cunkoso ya yi yawa, na'urar kamfani tana fifita wasu layukan a kan wasu, kuma masu tsarin araha ne aka fi turawa baya. Da asuba layinka zai yi gudu kamar na kowa, da daddare lokacin da kowa ya dawo gida ya kama waya sai ya koma tafiyar hawainiya, alhali sandunan sabis a cike suke. Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da ƙarfen sabis suke nunawa, ba su san yawan mutanen da kuke rabawa da su ba.

Wannan ya kawo mu ga zaɓi tsakanin babban kamfani da ƙananan da ke haya a wurinsa. Akwai kamfanonin da ba su da ƙarfen sabis ko ɗaya, sari suke yi daga manya su sayar da sunansu. Virgin Mobile ya fara haka a Ingila a 1999, kuma Lycamobile da Lebara a kan wannan tsarin suke aiki a ƙasashe da dama. Ana cewa araha ba ta ado, amma a nan ba kullum maganar ke tabbata ba: inda uwar kamfanin ke da sabis, galibi nan ɗan hayar ma yake da shi, kuma muryar kira ɗaya ce. Abin da za ka tantance shi ne a kan sabis ɗin wa yake hawa, ko ana tura shi baya lokacin cunkoso, ko an ba shi 5G, da kuma ko yana barin a raba intanet ga wata na'ura. Wasu tsare-tsaren araha ma suna tsayar da duk bidiyo a 480p, ko da sauran abubuwa na gudu.

Wani lokacin kuma laifin na wayar ne. Kamfanoni suna aiki a kan mitoci daban-daban, wato zangon sigina irin na tashoshin rediyo, da ake aunawa da MHz. Na ƙasa, irin 700 da 800 da 900 MHz, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango. Na sama, irin 2600 da 3500, sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Wayar da ba ta kama mitar da kamfanin ya dogara da ita ba za ta yi ta faɗawa 3G ko 2G, musamman a cikin ɗaki. Sannan akwai VoLTE, wato yin kiran murya a kan 4G. Wayar da ba ta da shi, duk sanda kira ya shigo sai ta sauka zuwa tsohon sabis, shi ya sa wasu ke ganin intanet ya tsaya cak suna cikin magana. Abin ya wuce batun jin daɗi yanzu, domin ana ta kashe 3G: manyan kamfanonin Jamus sun kashe tasu a 2021, na Amurka a 2022. A irin Amurka, inda 2G ma ta kusa ƙarewa, tsohuwar waya mara VoLTE ba ta da tabbas ko wurin kira.

To wanne za a ɗauka? Wanda kiransa kaɗan ne kuma yana da Wi-Fi a gida ko wurin aiki, saka kati kawai ana cira gwargwadon amfani ya fi masa, muddin ya san tsawon lokacin da layi zai zauna ba a taɓa shi ba kafin a rufe shi. Wanda mutanensa duk suna kan WhatsApp ko Telegram, tsarin data zalla da ɗan kati a gefe ya wadatar, don kiran murya ta manhaja ba ya cin megabait ɗaya a minti. Gigabait guda zai ba shi fiye da minti dubu. Rauninsa shi ne sai ɗayan ɓangaren ma yana da data, kuma muryar na yankewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Haɗakar minti da data ita ta fi dacewa da yawancin mutane, in dai an zaɓi daidai jiki. Mara iyaka kuwa sai ga mai kallon bidiyo da yawa, shi ma bayan ya ga lambobin nan biyu da idonsa, wato inda ake rage gudu da zuwa nawa.

Hatsarin da ya fi cin kuɗin mai haɗaka shi ne lokacin da data ta ƙare ba tare da ya lura ba. A wasu tsare-tsaren intanet ba ya tsayawa, sai ya koma cin katin kira da farashin da ya ninka na tsarin, kafin ka farga kati ya tafi. Ka tambaya ko ana iya toshe wannan, ka kuma duba ko tsarin yana sabunta kansa da kansa.

Kafin ka yanke shawara, shiga saitin wayarka ka ga data nawa ka ci a watan jiya da manhajar da ta fi ci, ka leƙa tarihin kiranka ka ga gajeru ne ko dogaye. Sannan ka sayi mafi ƙanƙantar tsari na kamfanin da kake so, ka gwada shi a inda kake kwana da inda kake aiki, a cikin ɗaki, da daddare lokacin cunkoso. Shafin gwajin gudu na Speedtest zai nuna maka gudun layin gaba ɗaya, na Fast.com kuma, da yake daga na'urorin Netflix yake aunawa, yakan tona ko ana rage gudun bidiyo: in na farko ya nuna lamba babba na biyu ya nuna 'yar ƙarama, akwai alamar an taƙaita kallo. Kada ka yi ta maimaita gwajin, domin shi kansa yana cin data sosai a layi mai gudu. In wayarka mai sim biyu ce, bar tsohon layinka a ciki har sabon ya yi maka mako guda kana ganin halinsa, sannan ka sayi na wata.