Majigin HY300 ko Nebula Capsule 3: wanne ya dace da ɗaki da tsakar gida?

Malam, ka tambaya ko ka sayi ƙaramin majigin nan mai sauƙin kuɗi da ake kira HY300, ko kuwa ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Nebula Capsule 3 na kamfanin Anker, tunda kana son iyalinka su riƙa kallo a ɗaki, wani lokaci kuma a tsakar gida idan zafi ya tsananta.

Kada lambar hasken da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Masu sayar da majigi irin HY300 sukan rubuta lumen dubbai, amma ma'aunin da ake dogara da shi shi ne ANSI lumen, kuma a wannan ma'auni dukansu biyu ƙananan fitilu ne. Capsule 3 ma 200 yake bayarwa. Saboda haka babu wanda zai yi maka aiki a waje kafin duhu ya shiga sosai, wato bayan sallar isha'i. Idan kuma ka ja shi baya har faɗin hoton ya ninka biyu, hasken zai bazu a filin da ya ninka huɗu, sai fuskokin 'yan wasa su dusashe a jikin bango.

Wajen tsabtar hoto, asalin ƙarfin HY300 720p ne (idan lambar ta fi girma, hoton ya fi tsabta), kuma kalmar 4K da ake liƙa masa tana nufin yana iya karɓar irin wannan bidiyo ya rage shi zuwa ƙarfinsa, alhali Capsule 3 yana fitar da 1080p na gaske. Bambancin ya fi fitowa idan akwai rubutun fassara a ƙasan fim.

Inda na fi so ka tsaya ka yi nazari shi ne ƙura da wuta. HY300 yana aiki da gilashin LCD guda ɗaya wanda fanka ke hura wa iska don ya huce, kuma duk wanda ya san ƙurar hunturu ya san inda za ta ƙare: tana mannewa a gilashin, sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tsakiyar hoton, waɗanda goge madubin waje ba ya kawar da su. Capsule 3 na fasahar DLP ne (mai fitar da hoto ta ƙananan madubai), wadda akasari ake rufe hanyar haskenta, don haka ya fi jure wannan matsala. Sannan HY300 ba shi da batir, da zarar an ɗauke wuta kallo ya tsaya sai da inbata ko janareta. Batirin Capsule 3 yana kai awa biyu da rabi, wanda ya isa wasan ƙwallo har da hutun rabin lokaci, amma fim ɗin Indiya mai awa uku sai ka jona masa fawa-banki mai ƙarfi ta USB-C.

Idan Netflix yana cikin lissafinka, Capsule 3 yana zuwa da tsarin Google TV mai lasisin Netflix. A kan HY300 manhajar Netflix takan ba da wahala, kuma turo fim ɗin daga waya yakan bar bango baƙi, sai sauti kawai.

Kuɗin Capsule 3 ya ninka na HY300 sau biyar ko fiye. Idan kallonku na ɗaki ne mai labule kuma kana da inbata, HY300 zai wadatar, muddin kana rufe shi a jakarsa bayan an gama. Tunda dai ka ambaci tsakar gida, ni Capsule 3 zan ba ka shawara, tare da ƙaramar sifika ta Bluetooth, domin sautin majigi yana ɓacewa a fili.