Rewaya a Bukuru, ga masu tsohuwar motar da ke ƙin tashi da sanyi

Jama'a duk mai tsohuwar mota a Jos ya san halin hunturu, da asuba ka murɗa makulli kik ya yi ƙas ƙas sai a nemo yara su tura. Golf 3 ɗina haka ta riƙa yi, kowa cewa yake sai sabon batir.

Wani rewaya a Bukuru aka nuna min, kuma gaskiya mutumin ya san aikinsa. Bai ce in sayi komai ba sai da ya ɗauko mita, batir lafiyayye yakan nuna volt 12.6 in mota na kashe, nawa 12.1 ne, da aka tayar kuma altaneta na ba da 14 wato caji lafiya lau. Don ya gano abin da ke shan wutar batir in mota na kashe, sai ya cire kan negatif na batirin ya haɗa mitar a tsakani yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana kallon lamba, da ya zo kan na rediyo nan take ta faɗi. Ashe wanda ya sa rediyon ya jona shi ne da wayar da ke da wuta ko an kashe makulli, duk dare yana shan wuta. Kan batirin ma ya yi farin gari kamar kanwa, ya kankare ya wanke ya shafa giris.

Abin da ban ji daɗi ba jira, motoci sun yi masa yawa ga babu inuwa ko benci, don haka ku yi sammako. Kuɗinsa da sauƙi wallahi, kuma batirin nan dai shi ne a motar har yanzu.