Taswirar Explorer 392 ta yankin Ben Nevis

Hukumar safiyo ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, ta buga wannan taswira ne don masu hawan duwatsu a yammacin Sikotlan, amma ni abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne sunaye. An zana ta a ma'aunin 1:25,000, santimita huɗu a takarda daidai da kilomita guda a ƙasa, kuma wannan yalwar fili ce ta ba da damar a rubuta sunan ƙaramin rafi da kwari da tudu, waɗanda taswirar masu mota ba ta ko kallonsu. Kusan dukansu da harshen Gelik suke, wato tsohon harshen mutanen tsaunukan Sikotlan.

Wanda ya haddace kalmomi ƙalilan zai ga taswirar tana yi masa bayanin ƙasar tun kafin ya taka ta. Sgùrr tsauni ne mai tsini, meall kuwa tudu ne mai dunƙulallen kai, allt rafi ne, coire kuma rami ne mai faɗi a jikin tsauni. Sai launuka: Càrn Mòr Dearg na nufin babban jan tarin duwatsu, kuma dutsensa jaja-jaja ne da gaske, yayin da Stob Bàn, farin ƙololuwa, ya samo sunansa daga farin dutsen da ke kansa. Akwai wurin da na fi daɗewa a kai, gabas da tsaunin Ben Nevis mai tsawon mita 1,345, inda Aonach Mòr da Aonach Beag suke jere. Sunan na farko na nufin babban doron tsauni, na biyu kuma ƙaramin doro, amma taswirar ta ba ƙaramin mita 1,234, babban kuma mita 1,221. Mutanen da suka raɗa sunayen daga kwari suke hangen su, girman jiki suka duba, ba awo suka yi ba.

A ɓangaren dazuzzuka, coille daji ne, doire kuma ɗan kurmi, kuma a tsaunukan Sikotlan akan tarar da irin wannan suna a gangaren da yau babu itace a kansa, sunan ne kaɗai shaidar abin da ya taɓa tsirowa a can.

Inda taswirar ta gaza shi ne ba ta fassara sunayen, ba ta kuma nuna yadda ake furta su, alhali rubutun Gelik yana da wuyar sha'ani ga baƙo. Haruffan mh da bh, misali, sau da yawa sautinsu ya yi kusa da na v, don haka wanda ya karanta Allt a' Mhuilinn, rafin wurin niƙa, yadda ya gan shi a rubuce, ɗan gari zai sha wahalar gane inda yake tambaya. Mai son ma'ana sai ya haɗa da rumbun sunaye na Ainmean-Àite na h-Alba da ke intanet, wanda kyauta ake duba shi.

Iri biyu ake sayarwa, ta takarda zalla da mai rufin leda. Ga mai nazari a kan tebur ta takardar ta wadatar, amma wanda zai fita da ita a yankin garin Fort William, inda ruwan sama ba ya da lokaci, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai ledar.