Bel mai inci 137 ko 146: wanne ya dace da hanyoyin Ontariyo?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Ontariyo ta ƙasar Kanada ya ce zai sayi babur ɗin ƙanƙara na farko. Yawancin hawansa a kan hanyoyin da ƙungiyoyi ke daddaɓewa ne, sai jefi-jefi ya ratsa daskararren tafki ko fili mai sabuwar dusar ƙanƙara. Ya rasa na zaɓa tsakanin bel (faffaɗar robar da ke juyawa a ƙarƙashin babur tana tura shi) mai inci 137 da mai 146, ga kuma abokinsa na cewa ya ɗauki 154 ya huta.

Malam, 137 za ka ɗauka. Ga dalili.

Lambar nan tsawon bel ɗin ne gaba ɗaya idan an zagaye shi, abin da ke taɓa ƙasa bai kai rabinsa ba. Saboda haka inci 9 da ke tsakanin 137 da 146, a ƙasa bai wuce ƙarin inci huɗu da ɗan wani abu ba. Amma wannan ɗan ƙarin yana sauya halin babur. Dogon bel yana baza nauyi, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi, shi ya sa 146 ke tashi a dusa mai zurfi inda gajere zai haƙa rami ya zauna. A kwana kuwa abin ya juye: dogon bel yana son miƙewa, ka karya kan babur amma ya ci gaba da tura ka waje. A hanyar daji mai yawan kwana, kafin yamma kafaɗunka sun gaya maka.

Shi 137 tsaka-tsaki ne. Ya fi gajeren bel mai inci 129 haye gargadar da ke fitowa bayan babura sun yini suna bi, domin yana taka tudu biyu a lokaci guda maimakon ya faɗa tsakaninsu, kuma bai yi tsawon da zai gagara juyawa ba. Irinsa ne a baburan Ski-Doo Renegade da wasu Polaris Indy. Mai 146 kuma shi ne a Ski-Doo Backcountry da Polaris Switchback Assault, na wanda rabin hawansa a wajen hanya yake.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne tsayin haƙoran bel, wato tsinin roba na waje da ke kama dusa, alhali a wurinka ya fi tsawon muhimmanci. Na hanya yawanci inci 1.25 ne, na 146 kan zo da 1.6 ko 2, na duwatsu kuma 2.5 zuwa 3. Injin yana samun sanyi ne daga dusar da bel ke watsawa kan lagireton da ke samansa, ita ce kuma ke jiƙa robar da bel ke zamewa a kai. Idan hanya ta taurare, dogayen haƙora suna ɗaga babur sama, dusa ba ta shiga. Sai inji ya yi zafi, robar ta fara narkewa har ka ji ƙaurinta, wani lokaci ta manne da ƙarafunan bel idan ka tsaya. Doguwar tafiya da gudu kuma tana dumama haƙoran su fara yagewa. Maganin wucin gadi shi ne ƙarafunan nan biyu da ake sakewa su riƙa kankaro ƙanƙara suna watsa ta ciki. Masu kama da sanda, a ɗage su kafin a yi ribas, in ba haka ba su lanƙwashe.

Sai batun ƙusoshin da ake sa wa bel don ya kama ƙanƙara. Tunda za ka hau tafki, wannan ya shafe ka ƙwarai. Bel mai haƙoran 1.25 yana karɓar ƙusoshi da kyau, 96 ko 144 a kan 137, kuma su ne ke sa birki ya kama a kan santsi. Mai haƙoran inci 2 ba a saba sa masa ba, don ƙusar za ta yi tsawo ta karye ko ta yage bel. Kafin a sa, a tabbatar akwai kariya a ƙarƙashin rumfar bel, kada ƙusa ta huda lagireto. A kuma ƙara tsawon ƙarfen da ke ƙasan takalman gaba, wato sulɓe biyun da ke maimakon tayar gaba, domin idan baya ya kama ƙasa gaba bai kama ba, babur ba zai ji sitiyari ba.

Shawarar 154 kuwa, a bar wa masu hawan duwatsun Biritish Kolombiya a yammacin Kanada, irin na yankin garin Revelstoke. Waɗannan baburan an matse takalmansu na gaba, kusan inci 34 zuwa 36, don a iya kwantar da su a gefen tudu, yayin da na hanya ke kai 42 zuwa 43. A kwanar da aka daddaɓe, matsattsen yana saurin ɗaga ƙafa ɗaya. Ga shi iyakar gudu a hanyoyin OFSC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu babur ɗin ƙanƙara ta Ontariyo, kilomita 50 ne a awa, kusan duk abin da aka ƙera 154 dominsa ba za ka same shi ba.

Kada kuma ka sayi gajere da niyyar tsawaita shi daga baya. Sai ka ƙara ƙarafunan ƙasa da rumfar bel, sannan tazarar haƙoran cikin sabon bel ta yi daidai da giyar da ke jan sa. Bel mai tazarar inci 2.86 ba zai hau giyar inci 3 ba.

Inda 146 zai fi maka shi ne idan kana da nauyi sosai, ko kana ɗaukar kaya, ko kuma fita daga hanya ta kusa rabin hawanka. A nan ma ka nemi haƙoran 1.6. Idan ka karɓi babur, ka duba ɗaurin bel da daidaitonsa bayan fitar farko bisa awon da ke littafin kamfanin, don sabon bel yana saki.