Gidan Kallon da Ya Gwada Almarar Kimiyya a Jos

A wata unguwa da ke gefen hanyar Bauchi a Jos, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Jos, akwai wani gidan kallon ƙwallo da ya samo hanyar cike dararen da babu wasa. Maimakon ya rufe ƙofa ya jira Asabar, mai gidan ya fara nuna finafinai masu dogon zango na ƙasashen waje, kashi biyu a kowane dare, ya kuma ɗauki mutum guda wanda aikinsa shi ne ya riƙa tsayar da fim ɗin lokaci zuwa lokaci yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Kuɗin shiga daidai yake da na wasan tsakiyar mako. Abin da ya ja hankalina shi ne zaɓin da ya fara da shi, domin bai ɗauko fim ɗin faɗa ko na soyayya ba, waɗanda kowa ya san suna cika ɗaki. Ya ɗauko 3 Body Problem, almarar kimiyya ta kamfanin Netflix, wadda ko masu jin Turanci sosai sukan koma baya su sake kallon wasu wurare kafin su gane inda aka dosa.

Netflix ya saki duka kashi 8 na zangon farko a ranar Alhamis, 21 ga Maris, 2024. An gina labarin ne a kan littafin marubucin ƙasar Sin Liu Cixin, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 2014 ta kuma lashe lambar yabo ta Hugo a 2015, kuma waɗanda suka mayar da shi fim su ne David Benioff da D. B. Weiss da Alexander Woo. Ranar sakin ta faɗo a tsakiyar azumi, don haka mai gidan kallon ya jira har aka yi Ƙaramar Sallah a ranar 10 ga Afrilu kafin ya sa daren farko. A ganina ya yi dabara, domin babu wanda zai bar asham ya zo ya zauna kallon halittun wata duniya. Amma jinkirin ya haifar da wata matsala, saboda wasu ɗaliban jami'a sun riga sun gama kallon zangon a wayoyinsu, suka shigo ɗakin da labarin a baki, kuma hana su furta abin da zai faru a gaba ya zama aiki na musamman.

Ɗakin kansa ba shi da wani abin a zo a gani. Bencina ne na katako a jere, da kujerun roba kaɗan a gaba, da majigi da ke haska farin bango. Hoton yana fita tangaran idan an kashe fitilu, kuma janaretan ba ya yanke wa mutane kallo, abin da ya cancanci yabo a wannan zamani na tsadar fetur. Inda aka gaza shi ne sauti. An kafa sifikokin ne domin ihun mai sharhin ƙwallo, ba domin mutanen da ke magana ƙasa-ƙasa a ɗakin bincike ba, kuma rufin kwano ne babu silin. Damina takan sauka da wuri a Jos, kuma da aka yi ruwa a tsakiyar kashi na biyu, duk wanda ke zaune daga benci na biyar zuwa baya bai ƙara jin komai ba sai ƙarar kwano. Rubutun Turanci da ke ƙasan allo, wanda ya kamata ya ceci lamarin, kawunan mutanen gaba sun tare shi.

Duk da haka ban ga wanda ya tashi ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ba, kuma dalilin shi ne mai bayanin. Matashi ne da ya karanta fiziks, yana koyarwa a wata makarantar sakandare da rana. Hanyarsa ta bambanta da ta masu fassara finafinan Indiya da muka saba da su, waɗanda ke ɗora muryarsu a kan ta ɗan wasa daga farko har ƙarshe. Shi yakan bar fage ya ƙare, ya danna tsayawa, ya faɗi abin da aka ce a taƙaice, sannan ya tambaya ko akwai wanda bai gane ba. Da aka zo kan ma'anar matsalar da fim ɗin ya ɗauki sunanta, bai tsaya dogon Turanci ba. Ya kira samari biyu daga benci ya ce su riƙe hannu su riƙa zagaya juna, ya nuna cewa kowa a ɗakin zai iya faɗin inda kowannensu zai kasance bayan zagaye goma. Sai ya kira na uku ya ce ya shiga tsakani, kowa yana jan kowa, nan da nan suka harɗe har ɗaya ya faɗa kan kujera, ɗakin ya ɓarke da dariya. Daga nan ya cire hularsa ya ce a ɗauka kowane ɗaya daga cikin samarin nan uku rana ce irin tamu, hular kuma ita ce duniyar da ke tsakaninsu: wani lokaci ta matsa kusa da ɗaya ta ƙone, wani lokaci ta yi nisa da duka ta daskare, kuma mazaunanta ba su da kalandar da za ta gaya musu wanne ke tafe. Ya ƙara da cewa tun zamanin Isaac Newton masana ke fama da wannan lissafi, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 Bafaranshe Henri Poincaré ya nuna cewa ɗan ƙaramin bambanci a farkon tafiyar yana iya sauya ƙarshenta gaba ɗaya. Bayanin bai wuce minti biyar ba, kuma bayansa ne na ga dattawan da suka shigo don rakiya kawai sun gyara zama.

Martanin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne tun a fagen buɗewa. Fim ɗin ya fara da Jami'ar Tsinghua ta birnin Beijin a 1966, a farkon Juyin Juya Halin Al'adu na zamanin Mao Zedong, inda matasa 'yan Jajayen Dakaru suka tsayar da wani malamin fiziks a kan dandamali a gaban dubban mutane, suka tuhume shi da koyar da ilimin da ya saɓa wa aƙidarsu, suka sa matarsa ta ƙaryata shi, sannan suka doke shi har ya mutu, 'yarsa Ye Wenjie tana cikin taron tana kallo. Gidan kallon ƙwallo wuri ne da ba a san shi da shiru ba, amma a wannan fage ko masu cin gyaɗa sun dakata. Jos gari ne da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, kuma akwai mutane a kan waɗannan bencina da ba sa bukatar a gaya musu abin da taro mai fushi yake iya aikatawa. Mai bayanin ya yi hankali a nan, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan tarihin Sin ba, ya bar fim ɗin ya ci gaba. Daga baya, da aka kai ƙarshen kashi na biyu inda Ye Wenjie ta sami saƙon gargaɗi daga sararin samaniya cewa kada ta amsa, ta kuma amsa da gangan, ɗakin ya rabu biyu. Matasa suka riƙa kiranta maciya amana. Wani dattijo da ke kusa da ni ya juya ya ce wa wanda ya fi ɗaga murya, “Yaro, kai ba ka ga abin da aka yi wa ubanta ba ne?” Saurayin ya sassauta murya ya ce, “Na gani, Baba, amma ai ba duk duniya ce ta kashe shi ba.” A nan aka bar maganar, kuma ina ganin ita ce muhawarar da masu fim ɗin suke so a yi.

Muhawara ta biyu ta koma teburin mai shayi da ke ƙofar gidan. Fim ɗin ya taɓo batun Allah tun a kashi na farko, sau ɗaya a bakin masu tuhumar malamin, sau ɗaya kuma a bakin wata masaniyar kimiyya a Oxford wadda duk sakamakon bincikenta ya rikice. Wannan ya isa ya tayar da tambayar ko ya halatta a yi tunanin akwai wasu halittu masu hankali a wajen duniyarmu. Wani ɗalibi ya kawo aya ta 29 a cikin Suratush Shura, wadda ta ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da aka watsa a cikinsu na dabbobi, wani kuma ya ce a bar wa malaman tafsiri aikinsu. Akwai Kiristoci a wurin, kamar yadda aka saba a gidajen kallon Jos, kuma su ma sun ce irin wannan tambaya tana tasowa a wajensu. Babu wanda ya ci wani, amma mai shayin ya sayar da burodinsa kaf.

Masu karatun littafin, waɗanda ba su da yawa amma muryarsu ta fi ta kowa, ƙorafinsu daban ne. Sun ce an kwashe yawancin labarin daga Sin an kai shi Ingila, an raba aikin jaruman littafin ga abokai biyar da suka yi karatu tare a Oxford, an kuma yi gudu a wuraren da ya kamata a tsaya. Irin wannan suka ce aka yi ta yi a shafukan sada zumunta na ƙasar Sin, inda mutane da yawa suka fifita fim ɗin da kamfanin Tencent ya yi a 2023 mai kashi 30, wanda ya bi littafin sau da ƙafa. Na yarda da su cewa abokan nan biyar ba su kai Ye Wenjie nauyi ba, kuma duk lokacin da aka bar Sin ta da aka dawo Landan ta yau, sai ka ji hayaniyar ɗakin ta ƙaru, alamar hankali ya fara tafiya. Amma ga gidan kallo, kashi 8 shi ne abin da zai yiwu, domin babu mai gidan da zai riƙe mutane dare 15 a kan labari guda alhali gasar Zakarun Turai tana kan ganiyarta. Wanda ya fi samun masoya a ɗakin shi ne Benedict Wong, mai fitowa a matsayin jami'in bincike, saboda gajiyar da ke fuskarsa da rashin tsoron manya, har wasu suka fara kiransa Oga DPO.

Kurakuran wurin ba su tsaya a kan sauti ba. Mai bayanin, duk da iyawarsa, yakan wuce gona da iri idan batun ya yi masa daɗi. A daren farko ya faɗi cewa taurari uku na Alpha Centauri, inda baƙin halittun labarin suke, suna da nisan fiye da shekara 4 na tafiyar haske daga gare mu, wanda gaskiya ne kuma ya taimaka, amma sai ya zarce ya ce rundunar baƙin za ta ɗauki shekara 400 kafin ta iso, abin da fim ɗin bai bayyana ba sai a gaba. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Haba Malam, ai ka gama mana fim ɗin!” Wani kuma ya ce idan shekara 400 ce, to jikokin jikokinsa su ji da ita, shi kuɗin haya ne a gabansa. An yi dariya, amma an rage wa mutane daɗin gano abin da kansu.

Babban abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yara. An ware wannan fim ne domin manya, akwai kisa da zubar jini da zagi da wuraren da ake nuna tsiraici, kuma na ga yaran da ba su wuce shekara 12 ba sun biya sun shiga kamar yadda suke shiga kallon ƙwallo. Mai gidan yana riƙe da rimot yana tsallake abin da ya ga bai dace ba, sai dai hannunsa ba ya riga allon kullum. Ya kamata ya kalli kowane kashi tun da rana ya san inda zai yanke, ya kuma sa mai karɓar kuɗi ya mayar da yara gida. Haka kuma babu wani tanadi na mata, 'yan ɗaliban da suka zo sai a kujerun gaba aka rakuɓe su, kuma tashi bayan ƙarfe 10 na dare yana sa samun keke ya yi musu wuya. Akwai kuma batun da mai gidan ya kamata ya nemi shawara a kansa tun kafin abin ya girma: rajistar Netflix ta kallon gida ce, sharuɗɗanta ba su ba da izinin tara jama'a a karɓi kuɗinsu ba.

Wanda yake da rajista da data da wuta a gidansa, yake kuma karanta Turanci da sauri, zai fi jin sauti a ɗakinsa. Sai dai Netflix ya ƙara kuɗin rajista a Najeriya har sau biyu a 2024, kuma fim ɗin ba shi da fassarar Hausa, ko ta murya ko ta rubutu, don haka ga yawancin waɗanda na gani a kan bencinan nan, wannan ɗaki shi ne kaɗai hanyar da za su bi labarin su gane shi. Abin mamaki ne a ce a garin da ke da hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya da makarantarta ta koyon aikin fim, malamin sakandare da rimot ne ke cike wannan giɓi. Ga mai niyyar zuwa, ya iso kafin a tayar da Isha'i ya yi sallah a masallacin da ke kusa, ya kama wuri a benci na biyu ko na uku ta ɓangaren da ba na janareta ba, kuma idan ya ga hadari ya haɗu ta gabas, gara ya bari sai daren da za a maimaita.