Hoton Zauren da Babu Kowa a Ciki: Wanne Ya Dace da Bangonka?

Duk mai neman hotunan cikin manyan gine-ginen jama'a da aka ɗauka ba kowa a ciki, kamar ɗakunan karatu da gidajen wasan kwaikwayo da gidajen tarihi, zai fara cin karo da sunan Candida Höfer, Bajamushiyar da aka haifa a 1944, wadda ta koyi sana'ar a hannun Bernd Becher a birnin Dusaldof. Bayanta akwai Massimo Listri na Italiya, da Robert Polidori, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar fadar Versailles ta tsoffin sarakunan Faransa lokacin da ake yi mata gyara.

Zaɓi mafi tsada shi ne bugu na asali. Manyan hotunan Höfer sukan kai kusan mita 2, galibi kwafi 6 kacal ake fitarwa, kuma a kasuwar gwanjo kuɗinsu kan kai dubun-dubatar daloli. Wanda zai zuba irin wannan dukiya sai ya juya bayan hoton ya ga sa hannun mai shi da lambar kwafin, misali 2/6, sannan ya nemi takardun da ke nuna hannayen da hoton ya bi kafin ya iso gare shi. Ya kuma tambayi yadda aka wanke shi, domin wanda aka wanke da sinadari launinsa kan koɗe idan ya daɗe a haske, alhali wanda aka buga da tawada mai inganci a kan takardar auduga ya fi jure zamani. Wasu ana manne su a bayan gilashin roba mai ƙyalli, abin sha'awa ne ƙwarai, amma ƙurar hunturu ta kwanta a kai, a sa tsumma a goge, shi ke nan an bar masa tabon da ba ya fita.

Fosta tana da araha, sai dai ba na ba da shawarar ta. Daɗin irin wannan hoto yana cikin ƙananan abubuwa, wato bayan kowane littafi a kan kanta da layin kujeru da hasken taga a kan daɓe, kuma duk waɗannan sukan cuɗe idan an ƙanƙanta hoton a takarda mara kyau. A ganina, mai matsakaicin hali gara ya sayi littafin hotuna mai kyakkyawan bugu, wanda zai ba shi gine-gine da dama a kuɗi kaɗan, kuma rana ba ta cin abin da ke rufe.

Mai gujewa rataya surar mai rai a gida ya duba da kyau kafin ya biya, domin rashin mutane ba ya nufin rashin sura. Dogon zauren ɗakin karatu na Kwalejin Tiriniti da ke Dublin, wanda Höfer ta ɗauka, jere yake da mutum-mutumin marmara dama da hagu, kuma rufin fadoji da yawa na Italiya cike yake da zanen mutane.